Fatsar Barunje

Mahaifina mahauci ne, ɗan mahauci, jikan mahauci. A Jega ba a cika ce mana mahauta ba sai in baƙo ne ke magana. Rundawa ake cewa, mutum ɗaya kuma Barunje. Ni kaɗai na kauce daga cikin 'ya'yansa na tafi koyarwa a Maiyama, abin da har yau danginmu ke ambata da irin muryar da ake ba da labarin wanda ya yi hatsarin mota. Baba ya tsufa a bakin teburinsa na kasuwa, kuma bai taɓa yarda cewa abin da ba shi da ƙafa huɗu abinci ne ba.

Sai hawan jini ya kayar da shi wata rana da hantsi, yana tsakiyar fiɗar wani bijimi. Allah ya sa da sauran shan ruwa. Ƙafa ta dawo, bakin da ya karkace ya daidaita kusan duka, amma hannun hagu ya ƙi. Yatsun suna nan cif, sai dai ba sa jin kira. Muka kai shi Aliero wajen masu ɗori, don a wajenmu duk abin da ya sami hannu can ake fara nufa da shi. Tsohon da ya duba shi ya matsa, ya lalluba, ya ce shi ƙashi yake ɗorawa, ƙashin nan kuwa lafiyarsa lau. Daga ranar Baba ya tura hannun cikin babbar riga, ba wanda ya sake ganinsa a waje. Yayyena suka karɓi teburi. Likita kuma ya yanke hukuncin da ya fi ciwon zafi: ba jan nama, ba kitse, gishiri sai ɗan taɓi. Ya ce a dinga ba shi kifi.

Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Tsakanin Rundawa da Sarkawa, wato masunta na gado, akwai wasa tun kaka da kakanni. Duk inda aka haɗu sai an yi wa juna tsiya, kuma ba a fushi. Mu ce musu masu ƙarni, su ce mana iyayen ƙuda. Baba yana da nasa abokin wasan, wani tsohon Basarke siriri, mai haƙori ɗaya a gaba wanda yake nuna wa duniya kamar lambar yabo. Tun suna samari suke zagin juna. Ban taɓa jin ɗayansu ya gaida ɗaya da sunansa ba.

Da labarin likita ya isa bakin gulbi, sai ga Basarke ya zo dubiya, da ƙatuwar tarwaɗa a hannu tana reto. Zaure cike da 'yan gaisuwa. Bai ko zauna ba ya ɗaga murya.

"Alhamdu lillahi! Yau ga Barunje hannuna. Likita ya gama man aiki. Daga yau abin da nib ba ka shi za ka ci, in na hana ka kwana da yunwa."

Aka kwashe da dariya. Da Baba yana da lafiya da ya rama da wadda ta fi ta, an tashi. Amma mutumin da aka kwantar aka tayar, ake ɗaura masa mazagin wando, dariya ba ta yi masa irin daɗin da. Ya ɗago kai ya ce, "Wallahi kihin da hannun Basarke yak kama ba shi shiga bakina. In za ni cin kihi, sai wanda nik kama da kaina."

Magana zarar bunu. Basarke ya tsaya da tarwaɗarsa, sannan ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba ya fita da abarsa.

Mun ɗauka kwana biyu zai huce. Bai huce ba. Inna, mahaifiyarmu, ta yanka masa kaza, ya ce shi ba mai jego ba ne. Ta dafa wake, ya ce yana kumbura masa ciki. Na zo masa da kifin nan na cikin ƙanƙara da ake kawowa daga ƙasashen waje, ya dube shi ya tambaye ni ko da kansa ya fito daga ruwa ya shiga kwali. Na ce a'a. Ya ce to wani ya kama shi, kuma duk wanda ya kama kifi don ya sayar Basarke ne, ko da jar fata gare shi. Ya koma sai tuwo da miyar kuka lami, loma uku ya ture. Duk ƙarshen mako in na zo daga Maiyama sai in tarar ya ragu. Wuyan da muka sani kamar na bijimi ya zama duk jijiya. Na ji tsoro ƙwarai, don na ga ba ciwon ne zai kashe mana uba ba, taurin kai ne.

Limamin unguwarmu ya zo da kansa ya yi masa bayani cewa addini da sauƙi: wanda ya rantse ya ga abin da ya fi alheri, sai ya warware ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai goma. Baba ya saurara da ladabi har ya gama.

"Malam, abincin mutum goma ba shi gagara ta," in ji shi. "Amma na san mai ƙarnin ga. Ranar da anka aza tukunya, shi za ya hwara zuwa da akushinai shi zamna cikin miskinnai."

Liman ya tashi ya yi sallama. Shi ma ya san Basarken.

Saura hanya ɗaya ke nan, a kama kifin. Na ce masa a yanko gora a ɗaura zare da ƙugiya, irin fatsar da kowa ya sani. Ya ce Allah ya kiyaye ya je bakin gulbi da abin da 'ya'yan Sarkawa ke wasa da shi kafin a yaye su. In zai shiga ruwansu, da makamin da ba su gada ba zai shiga.

Ni na jawo abin da ya biyo baya, da na nuna masa wani bidiyo a wayata don in ɗebe masa kewa. Wani Bature ne a cikin jirgin ruwa mai sheƙi, yana koya wa masu farawa yadda ake zaɓen fatsa don kama wani kifi nasu mai faɗin baki. Fatsarsa doguwar sanda ce mai lanƙwasa, da ɗan kwarkwaro a gindi wanda ake murzawa ya naɗo zare. Ina fassara wa Baba. Baturen ya ce kada mai farawa ya tara kaya, sanda uku sun ishe shi: siririya, matsakaiciya, da kakkaura don manyan kifaye. Sai na ga Baba ya gyara zama.

"Wanga ya san aiki," in ji shi. "Wuƙar yanka daban, ta hiɗa daban, ta sarar ƙashi daban."

Ya tambayi sunan kifin. Na ce ba mu da shi a nan, amma ya yi kama da ƙaramin giwan ruwa. Muna cikin haka Baturen ya fito da wani ƙato, ya ɗaga shi, ya sumbace shi a ka, ya mayar da shi ruwa. Baba ya sa na maimaita wajen. Sannan ya ce, "Wanga ba shi da iyali?" Daga nan darajar Baturen ta ɗan ragu, amma maganar sanda uku ta zauna.

Abin mamaki, sandunan suna nan a kasuwar Jega. Wani mai gwanjo ya kwance dilar kayan Kwatano ya tarar da su a ɗaure cikin takalma da jakunkuna, da wani ɗan akwati mai cike da ƙugiyoyi da dalmar nutsar da zare da kifayen roba masu launi. Bai san ko na mene ne ba. Ya riga ya sayar da ɗaya ga wani mutumin Jandutsi a matsayin eriyar talabijin, mutumin ya dawo da ita yana faɗa. Sauran sun yi ƙura a bayan rumfa. Da muka je na yi masa bayani, nan take ya goge su da hularsa, ya ce ai dama ya sani, ajiye su ya yi sai wanda ya san darajarsu ya zo.

Nan aka shiga zaɓe, kuma zaɓen da ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Baba ya tunkari sandunan nan yadda yake tunkarar shanu a kara. Ya ɗaga wannan ya auna nauyinta. Ya dogara kan waccan a ƙasa ya ga iya lanƙwasarta. Ya kaɗa wata a iska ya saurari kukanta. Ya kushe wadda ta fi kwanta masa a rai, ya juya kamar zai tafi, mai gwanjo ya kira shi, ya dawo, ya ce zai yi shawara. Washegari a sake sabon lale.

Kafin mako ya zagayo rumfar ta zama majalisa. Akwai wani direba mai jigilar Jega da Aliero wanda ya tsaya kai da fata a kan kakkaura, don a ganinsa duk abin da ke lanƙwasa jabu ne. Akwai dillalin albasa da ya ce siririya, saboda kifi yana da wayo, in ya hango ƙatuwar sanda zai san da mutum a sama. Aka rabu gida biyu a kan kifin roba: wasu suka ce ja, don kifi yana son jini, wasu suka ce fari, don ja kayan mata ne. Har aka aika wa liman tambaya ko ya halatta a yaudari halittar Allah da abincin da ba abinci ba. Ya aiko da cewa in ƙugiya a cikin tana ba yaudara ba ce, to ya kasa gane ma'anar kalmar. A duk cikin masu ba da fatawar nan babu wanda ya taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa. Mai shayi na kusa ne kawai ya ci riba.

Ni ma ina dariya tare da kowa, har ranar da na lura da wani abu. Baba bai taɓa murza kwarkwaron nan da kansa ba. Kullum sai ya riƙe sandar da dama ya ce da ni ko mai gwanjo, "Murza in ji muryatai." Fatsar Turawa hannu biyu take so, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya naɗo. Ya gane haka tun a bidiyo, kafin ni. Muddin ana zaɓe, shi gwani ne da ake jiran hukuncinsa. Ranar da aka gama, zai zama tsoho mai hannu ɗaya a bakin ruwan abokan wasansa. Tun daga ranar dariyar ta fita daga raina, na koma ina kallon yadda rigarsa ke yi masa yawa.

Basarke ne ya kawo ƙarshen abin. Ya biyo ta rumfar wata ranar kasuwa, ya tsaya ya ƙare wa sandunan kallo, ya ce da mai gwanjo ya ɗaure masa su duka, gobe zai aiko a ɗauka. Ya ce yana neman abin shanyar komarsa ta su, tunda wanda ke tayawa ya tsaya jiran kifin gulbi su mutu da tsufa. Ni dai na san da safiyar ranar na ga Inna tana magana ƙasa-ƙasa da wata 'yar Sarkawa da ke kawo mana busasshen kifi a da, amma ban tambaya ba. Kafin la'asar Baba ya zaɓi uku, siririya da matsakaiciya da kakkaura, daidai yadda Bature marar iyali ya faɗa tun farko. Ya haɗa da 'yan ƙugiyoyi, da dalma, da farin kifin roba guda. Direba da dillali kowa ya tafi yana cewa shawararsa aka bi.

Muka tafi gulbi da sassafe, lokacin ruwa ya fara ja da baya bayan damina. Na goya shi a babur, sandunan suna tsaye a bayanmu. Ya hana majalisa rakiya. Mun isa ke nan sai ga Basarke zaune a ƙaramin kwalekwalensa, kamar wanda ya zo wucewa.

"Daga bakin gaɓa kwaɗi ɗai za ka kamawa," in ji shi. "In kana da zucciya shigo in kai ka inda ruwa ad da zurhi. In ka hwaɗa kuwa, kadoji na gode ma Allah, ko da shike ba wani nama gare ka ba yanzu."

Baba ya ce shiga jirgi ba ya cikin rantsuwa. Jirgin na mutum biyu ne, ni kuma, in faɗi gaskiya, ruwan da ya fi na bokiti ba abokina ba ne. Na ɗaura farin kifin roba a matsakaiciya, na sakar masa zare yadda na gani a waya, ta yadda in jirgi na tafiya zai dinga jan kifin robar a baya. Sauran sanduna biyun da aka yi wata guda ana gardama a kansu suka zauna tare da ni a gindin bishiya.

Suka yi sama, suka yi ƙasa. Ina jiyo zagi yana tahowa a kan ruwa. Rana ta ɗaga. Na fara shirya kalmomin da zan lallashe shi da su a hanyar gida, sai na ga sandar ta lanƙwashe, kwarkwaron ya ɗauki ƙara. Baba ya dafe gindin sandar a cikinsa, ya riƙe da dama. Kifin yana jan zare yana tafiya, ba mai naɗowa.

Sai na ga hannun hagu ya fito daga riga. Ya jefa shi da kafaɗa wajen mariƙin kwarkwaron, hannun ya zame ya faɗi. Ya sake, ya sake zamewa. Ina tsaye a gaɓa ba abin da zan iya, hawaye suka cika mini ido. Zagin ma ya tsaya.

Basarke ya ajiye filafilin tuƙi, ya rarrafo, ya kama mariƙin. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ruwa, sai ga shi yana murzawa baibai, zare yana ƙara zuba. Muryar Baba ta tsallako gulbi: "Ɗaya gehen, jakin ruwa!" Basarke ya juya murzawar. Haka suka yi, kai da kai, ɗaya na riƙe, ɗaya na murzawa, jirgi na tangaɗi, suna tsine wa kakannin juna, har wani farin abu ya fantsama a gefen jirgi. Giwan ruwa ne, matashi, ya kai tsawon hannu. Ba wanda ya sumbace shi.

Muka kama hanyar gida da kifin. Mu uku, ni da Baba da Basarke, mun san hannun wa ya naɗo zaren, kuma ga rantsuwa tana jira a gida. Muka tarar majalisa ta taru a ƙofar zaure, har da liman. Basarke ya biyo mu a kan kekensa. Direba ne ya fara tambaya, cikin raha, ko dai mai jirgi ya ɗan sa hannu.

Basarke ya yi tsalle kamar an taka masa wuta. "Ni? In taɓa abin wasan ɗiyan Turawa? Kakana da hannu shika nutawa shi hiddo giwan ruwa! In anka ji na murza wanga abu, Sarkawa hidda ni za su yi cikin dangi. Shi yak kama abinai, da sa'ar tsiya irin ta Rundawa. Kihin ma makaho na."

Idan kifi ya fito ruwa ya ce idon kada ɗaya ne, wa zai musa? Aka yi ta barka. Na lura dai bai ce wallahi ba, na kuma lura liman ma ya lura.

Baba ya sa aka kawo tsohuwar wuƙarsa. Na riƙe masa kifin, ya yanka shi gunduwa-gunduwa da hannu ɗaya, tsaf, kamar ba a taɓa raba shi da teburi ba. Ya ware kan ya tura wa Basarke, ya ce a sana'arsu ko yaron da ya tsaya kallo ana ba shi ɗan abin miya. Da Inna ta kawo farfesun, ya ci loma ta farko yana yatsina, ya ce ƙarni. Ya cinye kwanon ya nemi ƙari. Ban taɓa jin daɗin kallon mutum yana cin abinci irin na ranar ba.

Ranar Juma'a Inna ta sa aka ɗora babbar tukunya. Ta ce da Baba sadaka za ta yi, ta mutum goma, in ya yarda a ɗiba daga rumbunsa. Baba ya ce a ɗiba, Allah ya karɓa. Da na tambaye ta a madafa, ta ce maza su yi wasansu da juna, amma ba da Ubangiji ba.

Bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutanen suka zazzauna. Baba yana kan kujerarsa a bakin zaure. Muna cikin zuba abinci sai muka ji ƙarar keke. Basarke ne, da ƙaton akushi a ɗaure a baya. Ya jingine keken, ya ratsa ya zauna a tsakiyar miskinai, ya ajiye akushin a gabansa, ya nuna wa Baba haƙorinsa ɗaya.

Na ɗauka za a yi tashin hankali. Baba ya miƙe a hankali ya tako har gabansa ya tsuguna. Ya sa hannun dama ya zaro na hagu daga cikin riga, a gaban duk mutanen unguwa, ya ɗora shi a kan bakin akushin ya rufe.

"Goma anka ce," in ji shi. "Ba a zuba maka."

Basarke ya dubi hannun nan da ya rame, yatsun a lanƙwashe. Ya daɗe yana dubansa. Sannan ya sunkuya ya shinshina, ya kau da kai yana toshe hanci.

"Ɗauke hannunka, Barunje. Ƙarnin kihi shika yi."

Baba bai ɗauke ba, bai kuma mayar da shi cikin riga ba. Ya juyo ya ce da ni in zuba wa mai ƙarnin nan, in cika masa.